Idan annoba ta sa an rufe makarantu, mi uban da bai yi boko mai zurfi ba zai yi wa karatun yaransa?

Wani ɗan'uwa daga wajen Jega ya turo min tambaya, ya ce shi manomin shinkafa ne yana kuma ɗan taɓa kasuwa, firamare kawai ya gama, uwargidansa ma haka, yaransu duk makarantar gwamnati suke. Lokacin korona sun zauna gida wata da watanni babu abin da sunka karanta na boko, kuma har yau yana ganin babban yaron bai dawo daidai ba. Shi ne yake tambaya, in Allah ya sake kawo irin wagga rufewa, shi mi zai iya yi tunda ba malami ba ne, ba shi da kuɗin data, ba shi da na mai lesin? Sannan ya ƙara da cewa ai dama koyarwa aikin gwamnati ne da malamai.

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya raya mana zuri'a. Ni na daɗe ina riƙe da alli a firamare, na riƙe hedimasta, daga baya na yi aikin zagayen duba makarantu, to abin da zan faɗa maka abin da idona ya gani ne da kuma ɗan abin da na karanta. Amsar a taƙaice ita ce akwai abu mai yawa da za ka iya, kuma mafi yawansa ba ya buƙatar Turanci balle data. Ka duba, ranar da anka rufe ƙofar makaranta ba malami kaɗai yaro ya rasa ba, ya rasa lokacin da ya san kullum in ya yi dole ya zauna da littafi, ya kuma rasa babban mutum da zai ce masa zo nan karanta min in ji. Malamin ne ba za ka iya maye gurbinsa ba. Amma lokacin nan da sauraron nan, wallahi babu wanda ya fi ku iko da su kai da mai ɗakinka, ko gwamna bai kai ku ba.

Bari in tuna mana yadda abin ya faru don mutane sun fara mantawa. Ranar 27 ga Fabrairu 2020 anka tabbatar da mutum na farko mai korona a Najeriya, can Legas. Mu nan lokacin hankalinmu na kan bikin kamun kifi na Argungu da anka yi cikin Maris bayan shekaru ba a yi ba, ana gama bikin babu daɗewa gwamnonin Arewa maso Yamma sunka ce a rufe makarantu daga 23 ga Maris na kwana 30. Kowa ya ɗauka ɗan hutu ne. Sai azumi ya shigo ƙarshen Afrilu, anka yi sallah ƙarama, damina ta sauka, anka yi layya, yara na gida. Sai 4 ga Agusta anka bari 'yan ajin ƙarshe su koma saboda WAEC da anka fara 17 ga Agusta, sauran yara kuwa sai wajen Oktoba. Wato ɗan aji biyu ya yi fiye da wata shida bai ji an kaɗa ƙararrawa ba. Kuma mu a wanga yanki abin bai tsaya ga korona ba, 26 ga Fabrairu 2021 'yan bindiga sunka kwashe 'yan matan makarantar Jangebe, 17 ga Yuni anka shiga kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri, cikin Satumba na shekarar Zamfara ta rufe makarantu har da layukan waya anka katse. Don haka tambayarka ba ta wuce lokaci ba ko kaɗan, rufe makaranta abu ne da ya kamata kowane gida ya san mi zai yi in ya zo, Allah dai ya kiyaye.

Da anka koma makaranta abin da na riƙa yi in na shiga aji shi ne in rubuta 'yar jimla ta Hausa a allo, irin "Bala ya kai awaki rafi", in kira yara ɗaya bayan ɗaya. A nan za ka ga abin tausayi. Yaron da malaminsa ke rantsuwa cewa kafin kulle yana haɗa baƙi, sai ka ga ya tsaya ya ɗora yatsa kan "Ba" yana motsa baki babu sauti, ya kalli allo ya kalle ni, wani ma sai ya ƙirƙiro abin da ba a rubuta ba don dai a ce ya faɗi wani abu. A cikin ajin nan dai kuma sai wata 'yar ƙaramar yarinya ta taso ta karanta tsaf ta koma ta zauna. In ka tambaye ta wa ya koya miki, ba za ta ce maka tana da kwamfuta ba, cewa za ta yi inna ce ke sa ni karantawa da hantsi, ko yayana ne. Kusan kullum amsar ke nan. Gidajensu ɗaya ne wajen talauci, malaminsu ɗaya, abin da ya raba su shi ne a gida ɗaya akwai mai tambaya, ɗayan babu.

Kuma ba mu kaɗai munka ga haka ba. A ƙasar Pakistan an yi girgizar ƙasa mai tsanani a 2005, makarantun yankin sunka zauna rufe kimanin mako 14, wata uku da 'yan kwanaki ke nan. Masu bincike sunka koma bayan shekara huɗu sunka gwada yaran, sai anka tarar waɗanda abin ya fi shafa suna baya da karatun kimanin shekara ɗaya da rabi. Ka ji fa, rufewar wata uku ta haifi asarar shekara ɗaya da rabi. Dalilin da masana ke gani shi ne yaro ya dawo ya manta na baya, malami kuma manhaja yake bi yana sauri ya gama silabus, to duk sabon darasi yana hawa kan abin da babu shi, giɓin sai ya yi ta faɗi kowace shekara. Amma abin da ya fi tsaya min a rai a binciken shi ne yaran da iyayensu mata sunka yi firamare ba a ga wagga asara tare da su ba. Firamare fa, ba digiri ba. Kai kuma ka ce min uwargidanka ta gama firamare. To ɗan'uwa babbar makarantar da kake da ita in an rufe ta gwamnati tana cikin gidanka, abin da ya rage ka ba ta daraja da lokaci da 'yan kayan aiki, kada ka bar ta da daka da wanki da goyo sannan ka dawo da dare kana tambayar mi ya hana yara karatu.

Ga yadda nake ba iyaye shawara su yi. A tsayar da lokaci guda, kullum shi ne, kada ya motsa. Ni na fi son da hantsi bayan an dawo makarantar allo an sha koko, kafin rana ta yi zafi kafin a fara aike-aike. Ba sai an daɗe ba, ƙaramin yaro minti 20 zuwa 30 ya ishe shi, manya su yi awa ɗaya. A shimfiɗa tabarma wuri guda, a fito da jakar makaranta, kowa ya san in lokacin ya yi babu aike babu talla babu "je ka sayo min magi". Wasu iyayen kan ɗauki zafi ranar farko su zaunar da yara awa uku, gobe awa ɗaya, jibi shiru, wannan bai da amfani. Kai ka san yadda hadda take, wanda ya haddace izu biyar in ya bar tilawa wata shida mi zai tarar? To karatun boko na ɗan firamare haka yake, bai gama zama ba, kaɗan-kaɗan kullum ne ke riƙe shi. Kuma abin mamaki korona ba ta hana yawancin gidajenmu tilawa ba, uwa na tuƙa tuwo tana gyara wa yaro Sabbi, babu wanda ya ce sai gwamnati ta turo data. Boko ne kawai munka ajiye munka ce ba namu ba ne.

Abin da za a yi cikin wanga lokaci, na farko kuma mafi girma, yaro ya yi karatu da ƙarfi kuna ji, kuma da Hausa. Kada ka damu da Turanci tukuna, yaron da ya iya haɗa baƙi da wasali da harshen da yake ji, Turanci zai zo masa da sauƙi daga baya, wanda kuwa anka fara da shi da haddar "A for apple" bai san mi yake faɗi ba shi ne ke kaiwa aji shida bai iya karanta wasiƙa ba. Da Hausa ko kakarsu da ba ta taɓa shiga aji ba za ta gane in yaro na karatu ko kame-kame yake, don magana in ba ta yi ma'ana ba kunne zai ji. In ya gama a tambaye shi, wa anka ce ya tafi kasuwa, mi ya sayo, don mi ya yi fushi. A Zamfara da Katsina an yi wani shiri mai suna RANA wanda UNICEF ta tallafa, na koyar da karatu da Hausa a ƙananan azuzuwa, kuma littattafan irin waɗannan shirye-shirye da yawa suna nan jibge a ofisoshin hedimastoci. Wannan kam ina faɗa da ƙarfi, da an ji ƙishin-ƙishin za a rufe makaranta iyaye su je su roƙi a ba yara aron littafi su tafi da shi gida, a rubuta suna. Littafin da ke kulle a kabad gara ta ci, gara ya yage a hannun yaro. In babu littafi ko ɗaya, akwai rubutu ko'ina, buhun taki, kwalin magani, allon shago, takardar asibiti, saƙon da anka turo maka a waya. Kai da kanka ka rubuta masa jimla uku a bayan kwali, ka ce ya karanta wa innarsa.

Sannan ka san inda kowane yaro yake tsaye, kar ka bi ajin da yake. Akwai wata hanya da wata ƙungiya a Indiya mai suna Pratham ta fito da ita, yanzu ana amfani da ita a ƙasashen Afirka har da wasu jihohinmu, ita ce a koya wa yaro daga matakin da yake ba daga ajin da anka rubuta shi ba. Gwajin ba wuya, kai ma za ka iya cikin minti biyar. Ka nuna masa baƙaƙe, in ya gane ka ba shi kalmomi, in ya wuce ka ba shi gajerun jimloli, in ya wuce ka ba shi ɗan labari. Inda ya tsaya nan ne ajinsa na gaskiya, daga nan za a fara ko da kuwa aji biyar yake. Iyaye da yawa ba su taɓa yin wannan ba, kati kawai suke dubawa ƙarshen zango su ga ya zo na bakwai su ce alhamdu lillahi, alhali na ɗayan ma bai iya karatu ba.

Lissafi kuwa ai kai ne malaminsa. Mutumin da ke auna shinkafa, ya san tiya nawa ke buhu, ya cire kuɗin taki da na man injin ban-ruwa da na 'yan ƙwadago a ka ba tare da biro ba, shi ne zai ce bai iya lissafi ba? Ka zaunar da yaro kusa da kai a rumfa, mai saye ya ba da dubu ɗaya kaya na ɗari bakwai da hamsin, ka ce masa nawa ne canji, sannan, nan ne muhimmin wurin, ka ce ya rubuta shi a takarda yadda ake yi a makaranta. Yaranmu da yawa sun iya lissafin baki fiye da malamansu, rubutawar ce ba su haɗa da shi ba. Ƙanana kuma a ba su tsakuwa ko ƙwallon dabino su tara goma-goma.

Maganar rediyo. Lokacin kulle jihohi da yawa sun sa darussa a rediyo da talabijin, kuma niyya ce mai kyau don rediyo ya fi komai shiga ƙauye. Amma na zauna na ga yadda abin ke gudana a wani gida, rediyon na rataye jikin ƙusa, malama na ta cewa yara ku ɗauki fensir ku rubuta, yaran kuwa ɗaya na korar kaji ɗaya na goye da ƙaninsa, babu fensir babu takarda, uban na jiran a gama ya murɗa ya kamo labarai. A hakan an "saurari" darasi. Darasin rediyo ba ya aiki sai da babba a zaune, wanda ya san ranar da lokacin, ya tanadi batir ko ya yi cajin waya, ya sauko da rediyon ƙasa kan tabarma, in malama ta yi tambaya ya ce wa yaro amsa mata, in an gama ya ce nuna min abin da ka rubuta. Ba ya buƙatar ya fahimci darasin gaba ɗaya.

Ita kuma waya, ba babbar waya nake nufi ba. A ƙasar Botswana cikin 2020 wata ƙungiya mai suna Young 1ove tare da masu bincike sun gwada wani abu da gidaje kimanin 4,500. Wasu gidajen ana tura musu saƙon tes kawai mai ɗauke da 'yan tambayoyin lissafi kowane mako, wasu kuma bayan saƙon sai malami ya kira na minti 15 zuwa 20, uwa ko uba ya sa wayar a sifika yaro na kusa a yi lissafin tare. Saƙo shi kaɗai bai yi wani tasiri ba, amma saƙo da kira ya ɗaga lissafin yaran a fili. Da ƙaramar waya irin wadda ke aljihunka yanzu. Darasin da na ɗauka shi ne ka karɓi lambar malamin ajin ɗanka tun yau, tun ana lafiya, ku san juna. In an rufe ka sa kati ka kira shi sau ɗaya a mako, malam mi ya kamata ya yi wanga mako, ga shi ku gaisa. Yawancin malaman firamare 'yan garin ne, a masallaci ɗaya kuke sallah, kuma wallahi malami na jin daɗi a ce uba ya neme shi ba don faɗa ba. In Allah ya hore ka ɗan yi masa ihsani, in babu addu'a ma ta isa.

Kada kuma ranka ya ɓaci don ka ga 'ya'yan masu hali a Birnin Kebbi ko Gusau ana tura musu darasi ta WhatsApp. Wasu sun amfana, ba na musu. Amma na ga gidajen da uwa ce ke yin asaimen ɗin da hannunta ta ɗauki hoto ta tura don kar a ce ɗanta bai iya ba, yaron kuma da an ba shi wayar gem yake bugawa. Kuma Satumbar 2021 da anka katse layi a Zamfara, mai babbar waya da mai ƙarama duk ɗaya sunka zama, littafi da tabarma da rediyo ne sunka rage.

Yanzu ga inda ya fi wuya, kuma ba zan yi maka daɗin baki ba. Yaro na gida damina ta sauka, dole zai je gona, ni ma da noma anka raine ni kuma ban ga laifin yaro ya koyi sana'ar ubansa ba. Ga kuma 2020 shekara ce mai nauyi, kasuwa ta tsaya, sannan ambaliya ta zo wajen Satumba ta cinye shinkafar fadamun Kebbi, gidaje da yawa neman na tuwo ake ba maganar fensir ba. Na sani. Amma akwai bambanci tsakanin yaro ya taya ka aiki bayan ya yi rabin awarsa na karatu, da a sake shi gaba ɗaya ya tafi ƙwadago ko ya hau mashin ko ya bi masu haƙar zinari. Ɗan shekara sha huɗu in ya saba kwana da kuɗi a aljihu, mayar da shi kan benci gaban malamin da ya san bai kai shi samu ba aiki ne ja. Samari da yawa a nan munka rasa su, babu wanda ya cire su makaranta, kawai dai ba su dawo ba. Shi ya sa nake cewa uba ya riƙa faɗi da bakinsa yaro na ji, cewa hutu kake ba gamawa ka yi ba, ranar da anka buɗe za ka koma. Yunifom ɗin a wanke a ninke a ajiye inda yake gani.

Ɗiya mata kuma abin ya fi tsanani. A Saliyo lokacin Ebola an rufe makarantu kusan wata tara tsakanin 2014 da 2015, ɗaukar ciki a tsakanin 'yan mata ya ƙaru sosai, da yawa ba su sake komawa aji ba. Mu namu ya fi zuwa ta hanyar talla da aure. Yarinya na aji biyu na ƙaramar sakandare, tana gida wata biyu, uku, huɗu, ba a san ranar buɗewa ba, ga manemi na zarya, sai dangi su fara cewa zaman mi take yi. Ni ba na gaba da aure, sunna ce kuma ɗiyana mata na aurar. Abin da nake roƙo shi ne kada rufewar 'yan watanni ta yanke hukuncin da ba don ita ba da ba a yanke shi lokacin ba. Ka koma kan binciken Pakistan ɗin can, uwar da ta yi firamare ita ta tsare karatun ɗiyanta lokacin bala'i. Yarinyar da ke gabanka yau ita ce wagga uwar nan da shekara goma. Kuma a lokacin kullen kar a ce maza su zauna kan tabarma ita ta tafi ɗebo ruwa, a raba aikin.

Wani abu da ba a cika faɗi ba, duka. Uba ya zauna koya wa ɗansa, yaro ya kasa sau biyu, sai haushi ya taso a kai masa mari ana cewa daƙiƙi. Na roƙe ka da Allah kar ka yi. Yaron da ke tsoro ba ya karatu, kallon hannunka yake yi. In ka ji ranka ya fara ɓaci ka tashi ka bar wa innarsa ko yayansa. Lokacin annoba yara ma a tsorace suke, suna jin ana maganar mutuwa, suna ganin an hana zuwa wurare, wani lokacin abin da yaro ke buƙata ka yi masa bayani da hankali mi ake ciki, mi ya sa ake wanke hannu, kuma abin zai wuce da yardar Allah.

Haɗa yaran maƙwabta wuri ɗaya wani ɗan sakandare ko mai NCE da ke zaune ya koya musu, dabara ce mai kyau kuma da arha, kowa ya ba da ɗan abin da ya samu. Sai dai ya danganta da irin annobar. An rufe makaranta ne don kar a cunkushe, to in kun tara yara talatin a zaure ɗaya marar taga kun buɗe wata makarantar ce da ta fi waccan hatsari. Mu da munka ga sanƙarau na 2017 a Zamfara ba sai an yi mana dogon bayani kan cunkoso da zafi ba. Yara kaɗan, a waje ƙarƙashin icce, da ruwa da sabulu, mai tari ko zazzaɓi ko gudawa ya zauna gida, kuma in ma'aikatan lafiya sun ce a daina taro a daina, a koma gida-gida.

Kan maganarka cewa aikin gwamnati ne, eh gaskiya ne, kuma ba na sauke mata nauyin. Ita ya kamata ta buga littafi, ta biya malamai kan lokaci, ta tsare makarantu. Bankin Duniya da abokan aikinsa sun ƙiyasta a 2022 cewa a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin samu, yara 'yan shekara goma da ba su iya karanta ɗan gajeren rubutu su gane ba sun tashi daga kashi 57 cikin ɗari kafin korona zuwa kimanin kashi 70, wannan ba abin da iyaye kaɗai za su gyara ba ne. Amma hanyar matsa wa gwamnati ma ta hannun iyaye take bi. Kowace makarantar gwamnati ya kamata tana da kwamitin SBMC, wato kwamitin mutanen gari mai kula da makaranta, da mai unguwa da liman da iyaye mata da 'yan sana'a a ciki, ka tambaya su wa ke cikin na makarantar ɗiyanka, ka je taro. Inda na ga kwamitin nan da ƙungiyar iyaye mata na da rai, su ne sunka bi gida-gida bayan korona suna tambayar ina wance, ina wane, har yara sunka dawo. Inda kwamitin suna ne kawai a takarda, hedimasta shi kaɗai ya yi ta kallon rajista.

Sai babban yaronka da ka ce bai dawo daidai ba. Lokacin da anka koma a 2020 an matse zanguna, an tura yara aji na gaba a gurguje, mai yiwuwa tun nan ya rasa wani tsani kuma yake ta tafiya a haka. Bai makara ba. Cikin wanga mako ka zaunar da shi ku biyu, ba gaban ƙannensa ba don kar ya ji kunya, ka yi masa gwajin nan na baƙi da kalma da jimla da labari, da Hausa sannan da Turanci in akwai mai taya ka, ka ba shi ɗebewa mai aro da rabawa guda biyu-biyu. Duk inda ya tsaya ka ɗauki takardar ka je wurin malaminsa, ka ce malam ga inda yake, daga nan nake son a taimaka masa. In akwai 'yan kuɗin lesin ko na wata uku ne, ka gaya wa mai lesin ɗin ƙarara ba silabus kake so ba, wanga giɓin kake so a cike, kuma duk ƙarshen wata kai da kanka za ka sake gwada shi. In malamai sun ba da shawarar ya maimaita aji kada ka ɗauke shi cin fuska, ku yi magana da yaron ku duba tare, sau da yawa shekara ɗayar nan ta fi a kai shi ajin ƙarshe a koma neman wanda zai rubuta masa jarrabawa.